Masu kala a gonakin Ingila

  

Yau Ingila za mu je, amma ba Landan ba. Ƙauye za mu shiga, cikin gonaki, bayan an gama girbin alkama da sha'ir. Wajen watan Satumba ke nan zuwa Oktoba. Tarakta ta bi gona ta birkice ƙasa. Ruwa ya ɗan sauka, ƙasa ta yi laushi. To, a wannan lokaci ne za ku hango mutum shi kaɗai a tsakiyar gona. Ya sa takalmin ruwa. Ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. A hannu ɗaya yana riƙe da ƙaramin shebur. A ɗayan kuma yana riƙe da wata sanda mai faifai a ƙarshenta, yana kaɗa ta dama da hagu dab da ƙasa, yana tafiya sannu sannu.

Wannan sanda na'urar gano ƙarfe ce. Kun san ƙanwarta, wadda masu gadi ke shafa wa mutane a ƙofar filin jirgi ko babban masallaci. Faifan yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, sai na'urar ta yi ƙara a kunnen mai ita. Wanda ya daɗe a harkar, da jin ƙarar yakan rarrabe ƙusa da azurfa. Idan kun taɓa ganin masu kalar gyaɗa suna bin gona bayan mai ita ya kwashe amfaninsa, to kun ga waɗannan mutane. Sai dai su abin da suke kala ya shekara ɗaruruwa a ƙasa, wani ma dubbai.

Kada ku ɗauka kullum zinariya ake tonowa. Ina! Mutum zai wuni cikin sanyi, ya koma gida da aljihu cike da ƙusoshi, da takalmin doki, da murfin gwangwani, da maɓallan riga, da tsohon harsashin dalma. In ya yi sa'a ya haɗa da ɗan siririn sulen azurfa, irin wanda ake bugawa da guduma a zamanin sarakunan da. Ranar sai murna, har a kira abokai a nuna musu. Yawancinsu ba attajirai ba ne. Akwai mai dafa abinci, akwai ɗan fansho, akwai wanda ba shi da aikin yi.

Me ya sa sai gonar da aka huɗe? Ga dalili. Na'urar ba ta jin abu mai nisa. Sule guda, in ya wuce zurfin ƙafa ɗaya, da wuya ta ji shi. Garmar tarakta kuwa kusan nan take kaiwa. Duk shekara tana juyo na ƙasa zuwa sama. Abin da bara ya ɓuya, bana yana iya fitowa. Shi ya sa ake komawa gona ɗaya shekara da shekaru ba a gajiya.

To, jama'a, ga maganar da na zo da ita yau, kuma zan yi ta maimaita ta. Tsintuwa amana ce. A wannan harka, gwani ba shi ne wanda ya fi kowa tono ba. Gwani shi ne wanda ya ga dukiya da idonsa, ya iya ajiye shebur, ya je ya faɗa. Bari in ba ku labari, ku auna da kanku.

A shekarar 1992, a wani ƙauye da ake kira Hoxne a yankin Suffolk, wani manomi ya yar da gudumarsa a gona. Ya neme ta ya rasa. Sai ya roƙi abokinsa, wani dattijo ɗan fansho mai suna Eric Lawes, ya zo da na'urarsa ya duba masa. A ranar 16 ga Nuwamba dattijo ya shiga gona. Na'ura ta yi ƙara. Ya tona, sai ga cokulan azurfa. Ya ƙara tonawa, sai ga sarƙar zinariya da tsabar kuɗi. Ya cika leda biyu, abu bai ƙare ba.

A nan ne ya tsaya. Ku riƙe wannan, a nan ne ya tsaya. Babu mai ganinsa sai Allah. Amma ya rufe ramin, aka sanar da 'yan sanda da hukumar yankin, wadda ita ce mai filin. Washegari masana tonon kayan tarihi suka zo. Suka yanko ƙasar gunduwa gunduwa da kayan a ciki, suka kai ɗakin bincike, suka buɗe a hankali.

Me aka samu? Tsabar kuɗin Rumawa kusan 15,000, na zinariya da na azurfa da 'yan kaɗan na tagulla. Ga awarwaron zinariya, ga cokula, ga 'yan tukwanen azurfa na zuba masoro, ɗaya an ƙera ta da siffar wata mace mai alfarma. Masoro fa, wanda sai daga Indiya ake kawo shi a wancan zamani. Amma abin da ya fi burge ni ba zinariyar ba ce. Da yake ba a hargitsa wurin ba, masana sun ga cewa a cikin akwatin katako aka jera kayan. Katakon ya ruɓe, amma ƙusoshinsa da ƙarafunansa suna nan a mazauninsu. Sun ga 'yan ƙananan kwaɗon kulle na azurfa. Sun ga ɓurɓushin ciyawa da ƙyallen da aka sa tsakanin kwanoni don kada su goge juna. Wato wanda ya binne kayan nan a natse ya shirya su, da niyyar zai dawo. Bai dawo ba. Kuɗin da suka fi sabunta a ciki an buga su wajen shekara ta 407 zuwa 408, daidai lokacin da mulkin Rum ke suɓucewa daga tsibirin Birtaniya. Kusan duk sulallan azurfar an ɗan yanke gefensu, an rage azurfa, an bar fuskar sarki ba a taɓa ba. Alama ce ta zamanin da sabon kuɗi ya daina shigowa, mutane suna lallaɓa wanda ke hannu.

Duk wannan bayani, da dattijon ya ci gaba da zuba kaya a leda, da ya tafi ke nan har abada. An ba shi ladan fam miliyan 1.75, ya raba da abokinsa manomi. Gudumar ma daga baya an gan ta, tana Gidan Tarihi na Birtaniya tare da sauran kayan.

Ga labari na biyu, shi kuma daga yankin Somerset, kusa da garin Frome. A watan Afrilun 2010 wani mai dafa abinci a asibiti, Dave Crisp, ya ji wata baƙuwar ƙara a gona. Ya tona kaɗan, ya ga bakin randa da sulalla sun yi tsatsa sun manne da juna. Shi ma ya mayar da ƙasa ya rufe, ya kira jami'ar da ke kula da kayan tsintuwa. Masana suka yi kwanaki suna kwashe kuɗin hawa hawa, kowane hawa a jakarsa. Sulalla sama da dubu 52 aka ƙirga, nauyinsu wajen kilo 160.

Ku saurari abin da haƙurinsa ya haifar. Masana sun lura cewa randar ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, da an ɗaga ta fashewa za ta yi. Ashe binne ta aka fara yi, sannan aka riƙa juye kuɗi a ciki. Kuma mai son ya dawo ya ɗauki kuɗinsa cikin gaggawa ba zai yi irin wannan ajiya ba. Shi ya sa wasu masana ke ganin jama'ar wurin ne suka haɗa, suka binne a matsayin baiko ga abin bautarsu. A cikin randar akwai ɗaruruwan kuɗin wani sarki mai suna Carausius, kwamandan jiragen ruwa da ya ɓalle daga Rum ya mulki Birtaniya daga 286 zuwa 293. Da an fasa randar da shebur, da sulalla kawai za a samu. Da aka bar ta a wurinta, sai ta ba da labarin mutanen da suka cika ta. Tsintuwa amana ce.

Yanzu bari mu juya ɗaya gefen, domin ba kowa ke riƙe amana ba.

A shekarar 2015 an yi tsintuwa biyu masu kama da juna. Ɗaya kusa da Watlington a yankin Oxford, ɗaya kusa da Leominster a yankin Hereford. Dukansu ajiya ce ta zamanin 'yan Viking, mayaƙan jiragen ruwa daga arewacin Turai da suka addabi Ingila a ƙarni na tara. Dukansu suna ɗauke da kuɗin sarakuna biyu, Alfred na Wessex da Ceolwulf na Biyu na Mercia.

Wanda ya tsinci ta Watlington ya kai rahoto. Kuɗi ne wajen 200, yanzu suna gidan tarihi na Ashmolean a Oxford, kowa na iya zuwa ya gani. Kuma sun gyara tarihi. Marubutan fadar Wessex sun bar wa duniya labarin cewa Ceolwulf ɗan amshin Shatan 'yan Viking ne kawai, ba sarkin kirki ba. Sai ga kuɗi sun fito masu hoton sarakuna biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, wasu da sunan Alfred, wasu da sunan Ceolwulf. Kafin nan biyu kacal aka sani irinsu. Ashe mutanen nan ƙawance suka yi, har suna buga kuɗi iri ɗaya. Daga baya ne aka shafe sunan ɗaya. Bayan shekara fiye da dubu, ƙasa ta wanke mutumin da alƙalami ya ɓata.

Su kuwa mutum biyun da suka tsinci ta Leominster, ɓoyewa suka yi. Suka fara sayarwa a asirce ta hannun dillalai. Hotunan da suka goge daga waya 'yan sanda sun dawo da su, aka ga ramin da kuɗin a ciki, an ƙiyasta sun kai 300. Wajen 30 aka iya ƙwatowa a lokacin. A 2019 kotu ta ɗaure su shekaru masu yawa. An kuma kama wasu sulalla 44 a hannun wasu mutane daban, amma mafi yawa har yau babu labarinsu. Abin baƙin ciki, da sun faɗa, da doka ta ba su rabonsu na halal, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sun yi asarar ladan, sun yi asarar 'yancinsu. Mu kuma duka mun yi asarar abin da kuɗin nan za su faɗa. Wannan asara ta uku ita ce ba ta da diyya.

Wataƙila wani zai tambaya, wace doka ce wannan? To, ga ta a taƙaice. Tun 1997 Ingila da Wales ke aiki da dokar dukiyar da aka tono. Abin da ya haura shekara 300 a ƙasa, mai zinariya ko azurfa a jikinsa, ko tarin tsabar kuɗi daga wuri ɗaya, dole a sanar da hukuma cikin kwana 14. In gidan tarihi yana so, kwamiti zai yi masa kuɗi daidai farashin kasuwa. Gidan tarihin ya nemo kuɗin ya biya. A al'ada ana raba ladan biyu, rabi na mai tsintuwa, rabi na mai gona. Kafin duk wannan, ba ka shiga gonar mutum sai da izininsa. Masu shiga da dare ba izini, su kansu 'yan harkar ɓarayi suke kiransu.

Akwai kuma wani tsari da ni a ganina ya fi dokar kanta amfani. An ajiye jami'ai a yankuna. Duk abin da ka tsinta, ko maɓalli ne, kana iya kai musu. Su ɗauki hotonsa, su auna shi, su rubuta daidai inda ka same shi, su mayar maka da abinka. Ta haka aka rubuta abubuwa sama da miliyan ɗaya da rabi, kowa na iya dubawa a intanet. Maɓalli ɗaya ba ya cewa komai. Amma in aka jera dubbai a kan taswira, sai ka ga kasuwar da ta mutu, da hanyar da ta ɓace, da sansanin da babu littafin da ya nuna wurinsa. Haka aka gane ainihin inda rundunar Viking ta yi zaman hunturu a Torksey a shekarar 872, da yadda sansanin ya yi faɗi fiye da zato.

Adalci ne kuma mu ji ta bakin masu suka, domin suna da hujja. Masana da yawa ba sa son wannan harka. Suna cewa lada yana mai da tarihi haja. Suna cewa a kan kowane mai gaskiya ɗaya, ba a san adadin waɗanda suka sa a aljihu suka yi shiru ba. A Ireland haramun ne ka nemi kayan tarihi da na'urar ba tare da lasisi ba. A Faransa ma sai da izinin hukuma. Ita kanta dokar Ingila ta taɓa nuna gazawa. A 2010 an tono wata hular kwano ta mahayin dokin Rum a Crosby Garrett, kyakkyawa ta gaske. Da yake ta tagulla ce, kuma ita kaɗai, doka ba ta hau kanta ba. Aka yi gwanjonta a Landan kan fam miliyan 2.3, wani mai kuɗi ya saye, gidan tarihin yankin yana ji yana gani. Sai a 2023 aka gyara dokar, ta riƙa duba muhimmancin abu ko da ba zinariya ba ne.

Kuɗi kuma yana raba zumunci. Tarin zinariyar Staffordshire da aka tono a 2009, wajen kilo biyar, mafi yawa adon ƙotar takubba ne na ƙarni na bakwai. Ladansa ya haura fam miliyan uku. Amma mai gona da mai na'ura daga baya saɓani ya shiga tsakaninsu, har jaridu suka ɗauka.

Duk da haka, ni ina tare da tsarin da ke jawo mai tsintuwa a jiki. Dalilina shi ne garma ba ta jira. Zinariyar Staffordshire a warwatse aka same ta a saman ƙasa, garma ta riga ta fara watsa ta. Duk shekara ƙarfen tarakta yana karya abin da ke ƙasa, takin zamani yana cin tagulla. Masana ba su da yawan da za su bi kowace gona. In ka hana mutane, ba su daina tono ba, faɗa maka kawai za su daina. In ka mutunta mai gaskiya, ka biya shi, ka rubuta sunansa kusa da abin da ya samo, gobe maƙwabcinsa ma zai zo da nasa.

Akwai wani abu da na san zai ja hankalinku. A 2007 wani uba da ɗansa sun tono kofin azurfa a gona kusa da Harrogate, a arewacin Ingila. Ba su zazzage shi ba, haka suka miƙa shi da ƙasarsa. Da aka buɗe, cikin kuɗi sama da 600 akwai dirhamai masu rubutun Larabci, wasu an buga su a Samarƙand. Ku duba nisan tafiyar. Daga tsakiyar Asiya, ta kogunan Rasha, ta tekun arewa, har gonar wani Bature, tun ƙarni na goma. Babu wanda ya rubuta labarin fataken da suka ɗauko su. Kuɗin ne kawai shaida, kuma shaidar ta tsira ne don mutum biyu sun riƙe amana.

Kafin mu rabu, bari mu leƙo gida kaɗan, domin maganar ta shafe mu. Mu ba baƙin wannan mas'ala ba ne. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayanin rikazi, wato dukiyar mutanen da da aka samu a binne, da humusin da ake fitarwa a kanta. Tun muna yara kuma aka koya mana cewa wanda ya yi tsintuwa cigiya yake yi. Ƙasarmu ma ba fanko ba ce. A farkon shekarun 1940, wani kan mutum na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a ya yi zama a gonar doya yana korar tsuntsaye. Da aka kai shi Jos wurin Bernard Fagg, sai ya zama mabuɗin gane al'adar Nok, wadda ta haura shekara dubu biyu. Na'urar gano ƙarfe ba ta jin yumɓu, gaskiya ne. Amma masu haƙa ba su buƙace ta ba. A shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok wawaso, haka na yankin Katsina da Sakkwato, haka Bura a Nijar. Kayan suna Turai da Amurka a gidajen masu kuɗi, babu wanda ya san ramin da kowanne ya fito. Talakan da ya haƙa an ba shi abin da bai taka kara ya karya ba. Dokar Najeriya ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba izini. Abin da nake fata hukumominmu su ƙara shi ne abin da muka ji yau, wato wanda ya kawo rahoto ya ga mutunci, ya ga lada, kada ya ga tuhuma.

Saboda haka, ya kai manomi da ke saurarona, ya ke uwar gida mai ɗan fegi a bayan gari. In wata rana garma ko fartanya ta ci karo da tukunya, ko mutum-mutumin yumɓu, ko tsohon ƙarfe da ba ku gane ba, don Allah a dakata. Kada a fasa don a ga abin da ke ciki. Kada a wanke, kada a kankare. In akwai waya a ɗauki hoto yadda abin yake kwance. A sa alama, a mayar da ƙasa. A sanar da mai unguwa ko dagaci, a nemi gidan tarihi mafi kusa, ko Gidan Makama ne a Kano, ko na Jos, ko na Kaduna, ko na Yamai. In baƙo ya zo da kuɗi a hannu yana cewa a rufa masa asiri, a ce masa sai an shawarci hukuma.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.